Gonar Kwando da Ɗan da Na Bari a Kalgo

Bismillahi, da sunan Wanda ya ja kwanana har na ga tattaɓa-kunne. Ban so tsoma baki cikin zancen gona ba, don tsohuwa irina abin da ya rage mata shi ne tasbaha da fura mai laushi. To amma ido ne ya tafi, kunne yana nan. Ina kwance a ɗaki na ji wasunku a tsakar gida suna cewa wai yankin nan na Gonar Kwando, daga suri zuwa gindin aduwa, ya isa haka nan a daina kai wa 'ya'yan ɗana na Kalgo geronsa, tunda ubansu bai taɓa riƙe hauya a ciki ba, kuma ya riga kakanku rasuwa, don haka ba su da gado. Gado kam ba su da shi, malamai sun faɗa, ni kuwa ba na musu da malamai. Amma mai wannan magana bai san abin da yake takawa ba in ya shiga gonar. Shi ya sa na ce a ɗauko takarda a rubuta yadda zan faɗa, kada kuma a gyara mini baki. Duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun kwanta dama, ni kaɗai na rage.

Ni Kulu 'yar masunta ce, a Kalgo aka yanke mini cibiya. An kawo ni Gwandu amarya 'yan shekaru kaɗan bayan zuwan Nasara. Ranar da na fara leƙa rijiyar unguwarmu na hango ruwa can ƙasa ɗan mitsitsi, sai na ce a raina na shiga uku, ashe mutanen tudu da guga suke roƙon abin da mu muke iyo a cikinsa. Sunan kakanku ban taɓa faɗinsa ba yana raye, ba kuwa yau zan fara ba. Gari dai Mai Kwando yake ce masa, da fari don ba'a, daga baya don girmamawa, shi kuma duka biyun da fara'a iri ɗaya yake amsawa. Siriri ne mai dogon wuya, ba shi da yawan magana. In ka ba shi labari mai tsawo sai ya ce maka “To,” ka rasa ko ya yarda ko bai yarda ba. Ni kuwa kun san Allah ya yi ni da baki, shi ya sa zamanmu ya daɗe, ina faɗa yana ji.

Uban kakanku ya rasu ya bar gona ɗaya mai kyau da 'ya'ya maza rututu. Da aka zo rabo kakanku ya duba ya ga abin da zai faɗo masa ba zai riƙe ko akuya ba, sai ya bar wa wansa Dikko kasonsa, ya tafi wurin mai gari ya roƙi faƙon da ke bakin hanyar Kambaza. Ku ba ku san faƙo a wurin ba. Jar ƙasa ce mai tauri, sumul, in ruwan sama ya sauka gudu yake yi ya wuce, ko tsinken ciyawa ba ya tsirowa. A nan mata suke sussuka da kaka, don babu yashin da zai shiga musu hatsi. Dikko ne ya raka shi, shi ya ba ni labarin yadda suka yi, yana bayarwa yana dariya har da hawaye.

“Faƙon kake so?” in ji mai gari. “Ɗauka, na ba ka har jikokinka. Amma mi za ka shuka ciki, tsakuwa?”

“Gero, ranka shi daɗe.”

“To Allah shi ba da sa'a. In ya nuna ka kawo mini zangarniya guda in gani.”

Lallen amarci bai gama fita daga hannuna ba ya kai ni in ga dukiyarsa. Na tsaya ina waige-waige ina neman gona, ashe a kanta nake tsaye. A wani ɗan gefe kawai na ga ramuka a jere, kowanne da ɗan tudun ƙasa a bayansa. Ya miƙa hannu ya nuna mini.

“Kin ga sabarar can? Bana nan zan kai. In na kai, sai in sa ido ga suri. Bayan suri, aduwa. Ranar da gero ya tsaya gindin aduwa gidanmu ya bar awo, rumbunmu shi kai mu daga kaka zuwa kaka.”

“Malam, yaushe ke nan?”

“Ban sani ba. Na gobe dai na sani, kwando guda ne.”

Kwandon nan shi ne labarin duka. Kowace safiya da ya sallame asuba sai ya naɗe gammo, ya bi tsakar gida ya kwashe tokar murhu da kashin awaki da shara da duk abin da gida ya zubar. In bai cika ba ya bi jujin unguwa ya ƙarasa. Ya ɗora a ka, dagi a hannu, ya nufi faƙo. Can zai yi ta saran ƙasar nan har ta ba shi rami kamar zurfin ƙwarya, ya zuba, ya rufe da kara, ya dawo kafin hantsi ya tafi ƙwadago gonakin mutane, don a nan muke samun na tuwo. Gara ce ke ƙarasa masa aiki, ta bi karan da takin ta huda ƙasar, in damina ta faɗi ruwa ya sami hanyar shiga. Da rani yana yi, da damina yana yi, ranar Salla ma sai ya kai kwandonsa sannan ya yi wanka ya sa riga. Akwai ranar da zazzaɓi ya kama shi, haƙora na haɗuwa, na ga ya cika rabin kwando yana neman gammo. Na tare ƙofa na ce yau kam ba inda za shi.

“Matsa, 'Yar Gulbi,” ya ce, don haka yake kirana. “In na bari yau don zazzaɓi, gobe zan bari don kasala, kuma ba zan gane bambancinsu ba.”

Kada ku zaci na ji daɗin abin tun farko. A wancan zamani ɗa namiji ba ya ɗaukar shara a ka ya ratsa gari, abin kunya ne babba. In na je rijiya sai mata su fara, amaryar Mai Kwando, a tara muku toka ko kun ƙoshi? In dawo gida ina huci, in dire tulu kamar zan fasa shi, in sauke masa duk abin da aka sauke mini. Ya saurara har in gama, ya ce “To.” Kashegari kuma ya ɗauki kwandonsa ya bi ta gaban rijiyar, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Mutum irin wannan ba ka iya faɗa da shi, sai dai ka bi shi. Ban san ranar da na koma tasa ba, na dai farga na zama marowaciyar toka. In maƙwabciya ta zo ɗibar wuta, ina kallon 'yar tokar da ta bi garwashin ina jin haushi. Masu tambayata ko a tara mana kuwa sai na fara ce musu su tara, zan aiko a ɗauka, kuma ina aikawa.

Damina ta farko gero ya fito cikin ramukan tsilli-tsilli, kakanku ya ɗaure abin da bai kai kayan jaki ba, amma ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya kai wa mai gari kamar yadda aka ce. Ya kai sabara a shekarar da ya faɗa. Suri kuwa ya ba shi wuya fiye da yadda ya zata, sai da ya ci damina da yawa, don ƙasar wurin ta fi tauri, dagi biyu suka lanƙwashe. Bai taɓa cewa a tsallake a nemi mai laushi ba. Cikin waɗannan shekaru na haifi ɗana na fari. Shi ma sunansa ba na faɗi, kun san al'ada. Na-Gwandu mutanen Kalgo suka sa masa daga baya, da shi kuka san shi, da shi zan kira shi.

Shekarar da ramuka suka taɓa suri ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke. Gero ya yi ciki, muna jiran ruwan da zai fitar da kai, sai sama ta bushe ƙayau. Muka yi roƙon ruwa har muryoyi suka dushe. Gonaki masu kyau, har da ta Dikko, suka ƙone a tsaye. Ramukan Mai Kwando ne kaɗai suka riƙe ɗan sanyi, suka ba mu 'yan damma, ranar nan ba wanda ya yi dariya. Amma 'yan damma ba sa raba gida da yunwa, balle ga 'yan'uwa sun zuba ido, shi kuwa ba ya iya ci wansa na kallo. Ya ware zangarniyoyin iri ya sussuke, ya cakuɗa da toka, ya zuba a tulu ya liƙe, ya binne a ƙarƙashin gadonmu, sauran aka ci tare. Kafin sanyi ya wuce mun koma dusa da ganye. Awakinmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Na-Gwandu bai daɗe da yaye ba, sai na ga wuyansa ya fara kasa ɗaukar kansa, kukansa ma ba ya fita. Ban jira an aiko ba, na ce Malam, ni za ni gida da yaron nan. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce mu tafi tare. Da muka ɗaure kaya na ga ya kifa kwandonsa a kan ƙullin tabarma, na ce wannan kuma fa, can ma juji za ka bi? Ya ja igiya ya ɗaure shi tam.

Kalgo ma ba a ƙoshe take ba, shinkafa ba ta yi ba, amma gulbi da ya janye ya bar kifi a tafkuna, ga bado mata na tonowa. Inna, mahaifiyata, ta karɓi yaron daga bayana tun ban zauna ba. Da romon kifi ta tashe shi, cokali-cokali, tana yi masa waƙa, har ya dawo yana gudu tsakar gida yana korar kaji. Inna ta haifi maza uku, gulbi ya ci ɗaya, ciwo ya ɗauke biyu, ni kaɗai na rage mata. Ku riƙe wannan, za ku gane abin da ya biyo baya.

Kakanku bai iya jirgi ba, in ya shiga kwalekwale sai ya ƙanƙame gefe yana salati, samarin masunta na sheƙa dariya. Sai Baba, mahaifina, ya sa shi wajen banda, inda ake kyafe kifi, yana faskare yana kula da wuta. Safiyar farko ina jin an sallame asuba na ji motsi a bayan ɗaki. Na leƙa, sai ga mutumin naku da kwando yana kwasar tokar banda, da ƙayar kifi, da ɓawo, da hanjin da aka watsar wanda ko kare ya gaji da shi. Ya kai bayan gari ya baza a rana. Washegari haka, wanshekare haka. Kunya ta kama ni a garinmu fiye da wadda ta kama ni a Gwandu, don a nan kowa ya san ni tun ina tsirara. Yara suka fara binsa suna toshe hanci. Baba ya sa aka kira shi. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya tsuguna, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi.

“Ɗana, in abinci ne bai isa ba ka faɗi. Wanga abu da kake tarawa na mi ne?”

“Na gona ne, Baba.”

“Gonar da ka baro tudu, ƙasar da ko ruwa ba ta sha?”

“Ita. Ta fara sha, Baba. In na bar ta bana za ta sake rufewa, aikin shekaru ya koma faƙo.”

Baba ya ce a ba shi aron jaki duk sa'ad da ya nema. Daga nan in tarin ya bushe sai ya cika mangala, ya bi fataken kifi masu zuwa Gwandu, ya sari ramuka daga suri ya nufi aduwa, ya zuba, ya rufe, ya juyo. Mutumin da bai ƙoshi ba, ga tafiya mai nisa, ga dagi. Sawu nawa ya yi ban sani ba, na dai san duk dawowa sai na ga wuyan nan ya ƙara tsawo. Wallahi a lokacin nan na fara jin girmansa ya cika mini ciki. Samarin da ke masa dariya ma suka koma in sun gyara kifi sai su tara masa hanjin gefe guda ba tare da ya roƙa ba.

Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa gabas, Baba ya sake kiransa, wannan karon ina bayan zana ina ji. Ya ce masa ba shi da ɗa namiji, ga jirgi, ga taru, ga fadamar shinkafa, ya zauna duk nasa ne, jirgi kuwa ana koyo. Duk mai hankali zai karɓa. Ni kaina a bayan zanan nan addu'a nake yi ya karɓa.

“Baba, Allah shi saka da alheri. Abin da ka ba ni ya fi abin da na baro. Amma na sa wa kaina aduwa, ban kai ba tukuna. In na bar ta don na ga mafi kyau, nan ma wata rana zan ga mafi kyau in bari.”

Baba bai ji daɗi ba, amma bai tsawata ba. Ya ce namiji da maganarsa aka san shi, ya tafi. Da la'asar kakanku ya same ni ina daka bado.

“Ki zauna nan da yaro, 'Yar Gulbi. Can babu komai sai tulun iri, kuma kin san yunwar damina ta fi ta rani. In gero ya nuna in zo in ɗauke ku.”

Bai roƙe ni in bi shi ba, ku rubuta wannan da kyau, kada wani ya ɗora masa. Ni na dube shi na yi lissafina. Shuka aikin mutum biyu ce, mai sara da sungumi da mai bi tana jefa iri tana rufewa da diddige. Bayan shuka ga noma, wa zai ɗebo masa ruwa, wa zai tsinko tafasa ya dafa? Na san halinsa sarai, ba zai ajiye hauya ya tafi neman abin da zai ci ba, a cikin kunyar gona za a tsince shi. In na zauna na rasa miji, in na tafi da yaro na mai da shi cikin abin da na fito da shi daga ciki. Inna ta ga ina ɗaure kaya, ta zo ta tsaya bakin ƙofa da yaron a kafaɗa.

“Ke in kin ga za ki iya, bi mijinki, ban hana ki ba. Amma wanga yaro ba ya fita gidan nan shi koma cin dusa.”

Gaskiya ta faɗa, na kuwa sani. Na ce a raina ai 'yan watanni ne, da kaka zan zo in ɗauki abina. Da safe muka kama hanya, yana wasa da wani ɗan ƙoƙo bakin randa, ko ɗago kai bai yi ba. Ɗan fari ne, ga iyayena tsaye, kunya ba ta bar ni in ɗauke shi ko in kira shi ba. Na wuce kamar ban gan shi ba. Sai da muka bar gari, muka hau tudu, sannan na zauna gindin wani itacen kalgo na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, kakanku na tsaye riƙe da igiyar jaki, bai ce in tashi ba.

Daminar shekarar nan ta zo da albarka, amma kafin gero ya nuna mun ga tasku. Tafasa da rama muka ci har harshe ya yi kore, sai ɗan busasshen kifin da Inna ta ƙulle mana, ina gutsura kamar magani. Muka tono tulu muka shuka, yana sara ina rufewa, in jiri ya ɗebe ni in tsuguna ya wuce in tashi. Da ƙyar yake ɗaga hauya, amma kowace asuba sai ya ɗauki kwandon nan, ko da abin da ke ciki bai fi tafi biyu ba. Gero ya tashi ko'ina, amma daga suri zuwa aduwa, inda aka zuba tokar banda da ƙayar kifi, abin ya zama na kallo. Baƙi ƙirin, kara kamar na dawa, mutum ya shiga ba a ganin hularsa. Masu wucewa Kambaza suna tsayawa su riƙe baki. Mai gari da kansa ya zo, ya zagaya, ya ce ashe tsakuwar ta tsiro. A shekarar nan gero ya tsaya gindin aduwa, muka cika rumbu, tun daga ranar kuwa ba a sake ganina da ƙwarya wurin masu awo ba har yau da nake muku magana.

Muna gama ɗaurin damma muka ɗora wa jakin Baba damman farko muka nufi Kalgo. Na shiga gida da sallama. Yaron ya yi ɓulɓul, ya dube ni, ya ruga ya ɓuya bayan zanen Inna. Ta ce masa ga Kulu ta zo, gaishe ta. Ya leƙo ya ce, “Sannu, Kulu.” Da kakanku ya ɗauko zancen tafiya da shi, Inna ta shige ɗaki ta kifa kai, Baba ya ce a bar shi ya ƙara shekara, ai ɗan fari na kakanni ne. Wa zai buɗe baki ya ce a'a ga mutanen da suka raya maka ɗa, suka ba ka jaki, suka ciyar da kai? Ni kuwa uwar ɗan fari ba ta da bakin nema, in ta nema ta zama abin zance. Shekara ta zama shekaru. Ya tashi da taru a hannu, ya gaji jirgin da aka yi wa ubansa tayi. Na haifi iyayenku a Gwandu, na goya su, na aurar da su, amma shi har ya koma ga Allah Kulu yake ce mini. Kakanku bai sake ta da zancen ba. Abin da na gani kawai shi ne kowace kaka damman farko na wannan yanki ba sa shiga rumbunmu, Kalgo suke tafiya, ko an yi da yawa ko an yi kaɗan. Ya riƙe wannan kamar yadda ya riƙe kwando.

Sau ɗaya Na-Gwandu ya kwana gidanmu da wayonsa. Ya zama saurayi, gemu ya fara tsirowa, ya kawo kifi kasuwar Gwandu ana dab da girbi. Ubansa ya ce ya zo ya ga gona, ni ma na bi su da ƙwaryar fura. Muka ratsa ta sabara, muka wuce suri, gero ya rufe mu. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya duƙa ya ɗebi ƙasa, baƙa mai laushi, ya murza. Sai ga 'yar ƙayar kifi ta fito a tafinsa, ta tsufa ta yi ja. Ya juya ta, ya san ko mece ce, ɗan masunta ne.

“Ashe wagga ce aka bar ni dominta,” ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, a hankali, kamar mai tambayar hanya.

Na dire ƙwaryar furar ƙasa. Kakanku, mutumin da “To” ta ishe shi kowace magana, ya dube shi ya ce:

“Ita ce. Daga surin nan zuwa aduwa taka ce, kai da abin da ka haifa. Uwarka shaida.”

Ranar nan kaɗai aka kira ni uwarsa a gabansa. Yaron bai ce ya karɓa ba, bai ce ya ƙi ba, ya sa ƙayar a aljihu muka dawo gida. Na kwana ina cewa ya tafi ke nan, ba zai sake tako garin nan ba. Da aka sallame asuba ina hura wuta, kakanku ya cika kwandonsa ya naɗe gammo ya duƙa zai ɗauka, sai na ga hannu ya riga shi. Na-Gwandu ne. Ya ɗauki gammon ya ɗora a kansa, ya ɗaga kwandon, bai iya ba, toka na zubo masa a fuska. Ya ce wa ubansa ya wuce gaba ya nuna masa inda ake zubawa. Suka fita, babba a gaba da dagi, ƙarami a baya da kwando, suka bi ta gaban rijiya mata na kallo. Tun da nake da kakanku, da lafiya da ciwo, bai taɓa yarda wani ya ɗaukar masa kwandon nan ba sai ranar. Na tsaya bakin ƙofa har suka ɓace, wutar da na hura ta mutu ban sani ba.

Ya ci gaba da ɗaukar abinsa har gemu ya yi fari fat, har ya kai sai an ɗora masa. Kun tashi kun tarar da baƙar ƙasa kun zaci haka Allah ya saukar da ita. Allah ne ya yi, amma a kan mutum ɗaya ya ɗoro ta, safiya bayan safiya, kuma ban ga namijin da ya kai shi ba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Wanda ya ce uban 'ya'yan Kalgo bai yi wa gonar nan komai ba, ya zo ya tsuguna gabana ya maimaita. Kakanku toka ya zuba a wannan yanki, ni ɗana na zuba. In kun ɗaure damman bana, ko a jaki ko a mota ba ruwana, ku fara da na Kalgo.